Ranar da Kawu Ari Ya Sa Aka Yi Mini Kukan Mutuwa

Kawu Ari ya kashe ni a garin Gure da rana tsaka, ina kwance a ɗakina da raina, ya raba ni da aikin biro, wato ofis, da keke da albashi, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai buɗe baki ya ce mini yi haƙuri ba. Na fara da wannan ne saboda tun ranar sadakar arba'in ɗinsa kowa ke tare ni a kasuwa yana cewa, "Isuhu, kai da ka taɓa lakwal ka yi boko, rubuta mana labarin kawunka mu yi dariya." To ga shi na rubuta. Ku yi dariyarku. Ni dai har yau ban gane abin da ya same ni ba.

Duk kun san halinsa. Ba a yin mutuwa a garin nan Kawu bai je ba, ko ya san mamacin ko bai san shi ba. Amma shi ba ya zama cikin maza a ƙofar gida. Sai ya ja buzunsa ya koma jikin danga, wajen da muryar mata ke fitowa, ya zauna ya karkata kai kamar mai neman tasha a rediyo. In an jima ya taso, ya kaɗe riga, ya yanke hukunci. Wani lokaci ya ce, "Wannan hayaniya ce." Wani lokaci, "Waccan ta wajen murhu yunwa take ji, ba baƙin ciki ba." In kuma ya ji daɗi ƙwarai sai ya ce, "An kusa. Amma bai kai wel ba."

Wel ɗin nan ita ce kalmar Ingilishi guda da ya mallaka a duniya. A ƙuruciyarsa ya ƙetara Najeriya, ya yi aikin boyi a Nguru gidan wani Bature mai sayen gyaɗa da fata. Tsararsa sun dawo da keken ɗinki, wasu da akwatin ƙarfe, shi ya dawo da kalma. Ya ce wata rana an yi rasuwa a bayan gidan Baturen, mata suka ɗauki kuka, Baturen ya ajiye cokali ya faɗi kalmar. Wata rana jirgin ƙasa ya yi kukan tashi, ya sake faɗinta. Da damina iska ta shiga ƙarƙashin kwanon rufi tana ta zuga, ya sake faɗinta. Daga abu ukun nan Kawu ya haɗa iliminsa gaba ɗaya.

"Ka gani, ɗan nan," in ji shi, "mu komai kuka muke ce masa. Jaki kuka, jariri kuka, wadda aka yi wa rasuwa ita ma kuka. Su kuwa sun ware na musamman sun raɗa masa suna. Wel daga ƙasa yake farawa, ya hau sannu, ya tsaya a sama ba rawa, sa'an nan ya sauko. Kuma ba magana a cikinsa. Da mace ta fara cewa wa ka bar ni da shi, ta ɓata."

Na ce, "To Kawu, shi Baturen yana yi?"

"Shi? Ranar da aka aiko masa uwarsa ta mutu, shayi ya sha ya tafi awon gyaɗa."

"To mutanen da ba sa yin abu, me ya kai su raɗa masa suna?"

Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Abin da ya sa ka faɗi jarrabawar satifika ke nan. Tambaya ta yi maka yawa."

Da abin ya tsaya nan, da ba komai. Kowane gari da nasa. Sai shekarar fari ta zo, wadda dabbobi suka ƙare. Kawu yana da wata tsohuwar taguwa wadda ya daɗe bai ɗora wa kaya ba, wai kada ta lalace. Shi yake ɗaukar kayansa a ka, ita tana biye da shi a baya kamar matar hakimi. Da ciyawa ta ƙare ta kwanta a ƙofar gidansa ba ta ƙara tashi ba. Kawu ya tsaya a kanta, ya dafa ƙugu, ya buɗe baki. Ranar muka fara jin wel daga bakin mai shi. Karnukan unguwa suka taya shi. Gidan Kawu kuwa bango ɗaya ne da masallaci, sai ga Liman ya fito da carbi a hannu.

"Malam Ari, ɗaga murya a kan mutum ma an hana, balle a kan raƙumi."

"Allah gafarta Malam, wanne aka hana?"

"Kukan mutuwa mana."

"To ni ba shi nake yi ba. Da Ingilishi nake yi. Duba littafinka, in ka ga Ingilishi a ciki, na bari."

Liman ya ja carbi kaɗan, ya ce, "Ko da Faransanci ne, kada in ƙara jin sa kusa da masallacin nan."

Wannan maganar ta Liman ita ta jawo mini. Shi bai sani ba, Allah ya saka masa da alheri.

Kun tuna yadda garin yake a lokacin. Mutanen Alakos da na arewa sun zubo sun kafa bukkoki a bakin gari, ana rabon jar dawa ta taimako, mutuwa ta zama kamar cin kasuwa. Mata suka gaji. Wadda ba ta ci ba da me za ta yi kuka? Sai ka ga makara ta wuce, sa'an nan ka tambaya wa ya rasu. Wannan ya dami Kawu fiye da taguwarsa. Ya zo gidana wata rana fuska a murtuke, ya ce ya ga wata mata a bakin gari an ɗauki ɗanta za a kai, ita tana zaune tana tsince tsakuwa daga dawa.

"An fita da mutum kamar an fita da toka," in ji shi. "Ba wanda ya ji, ba wanda ya taso. In aka bar shi haka, yaran da ke tasowa ba za su san yadda ake yi ba."

A nan kam ban ce ba shi da gaskiya ba. Amma me ya haɗa ni da ita?

Ni a lokacin falanto ne, mai kai takardu, a wani biro da ba zan faɗi sunansa ba. Ina da kaki, ina da keke mai ƙararrawa, ina da albashi a shekarar da mai garken shanu ke bin layin dawa. Sai zazzaɓi ya kama ni, mai tsanani, har na kwana biyu ban fita ba. Duk gari an san Isuhu falanto yana kwance. Ran nan da hantsi matata Fanna ta tafi likita ta karɓo mini magani wajen majo, babban ma'aikacin jinya, ta bar ni a ɗaki an lulluɓe ni da bargo.

Kawu ya ga dama ta samu. Gidana yana gefen gari, nesa da kunnen Liman, ga tsakar gida mai faɗi. Ya bi unguwa ya tattaro tsofaffin mata, Ya Kura ungozoma tana gaba, ya yi musu alkawarin rabin tiya na jar dawa kowace. Dawar kuwa tawa ce, daga buhun da ke bayan ƙofar ɗakina ya auna. Ya jera su a gindin bishiyar bedi, ya ɗauki karan dawa ya tsaya a gabansu kamar mushe, malamin lakwal, a aji. Ya ce zai koya musu wel.

Ku da kuke mutanen Gure ba sai na gaya muku ba. In kuka ya tashi daga gidan da ake jinya, ba a tambaya. Tambaya ma rashin kunya ce. Maza su ɗauki diga da shebur su nufi maƙabarta, tela ya yage alawayyo, mata su ɗora ruwa a wuta. Haka aka yi. Ba wanda ya shigo auna ni da kara, don maƙwabcina ya ce shekara da shekaru muna tsayawa sahu ɗaya, ya san tsawona. Aka tashi mai raƙumi ya tafi Gidigir ya gaya wa 'yan'uwana. Wani mai saurin ƙafa ya kai labari biro.

Ni kuwa ina ciki, kaina yana juyawa, sai na ji kuka ya tashi a tsakar gidana. Ya fara daga ƙasa, ya hau, ya tsaya. Na ce a raina, to, ashe haka abin yake. Na yi kalmar shahada, na miƙe ƙafafu, na rufe ido ina jiran masu tambaya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne fitsari nake ji. Duk wa'azin da na taɓa saurare ba wanda ya ce mamaci yana jin fitsari. Kuma a cikin kukan nakan ji muryar namiji yana cewa, "A'a, a sake. Ya Kura, kin yi saurin saukowa." Na ce, ikon Allah, har a nan ma sai an maimaita kamar lakwal.

Ina cikin wannan sai na ji wata murya daga ƙofar gida, da ƙarar kwalba ta fashe. Fanna ce ta dawo ta tarar da maza zaune a kan tabarmi, aka ce mata sai haƙuri. Abin da ya fito daga bakinta ba zan iya rubuta shi ba. An ce Kawu ya ɗaga karan dawa ya tsayar da tsofaffin, ya ce, "Ku yi shiru. Ku saurara. Wannan shi ne."

Na'ibin Liman shi ya shigo da ruwan wanka. Ya yi bisimilla ya yaye bargon, na buɗe ido na ce, "Malam, don Allah miƙo mini buta." Bai miƙo ba. Har yau in mun haɗu a hanya sai ya sake hannu.

Da aka fito da ni ana riƙe da ni, gidan cike da mutane har waje, na tarar da Kawu yana murmushi kamar wanda aka yi wa haihuwa.

"Kawu, mene ne wannan?"

"Dubi jama'a, ɗan nan. Shekara guda ana mutuwa a garin nan ba wanda ya tashi daga inuwa. Yau dubi."

"Amma ni ban mutu ba."

"Ni na ce ka mutu? Tambayi kowa. Ni karatu nake bayarwa."

Kabarin ma bai yi asara ba, kafin la'asar aka sa wani baƙo daga bakin gari a ciki. In na bi ta wajen nakan tsaya in yi masa addu'a, ban san sunansa ba, amma ina jin kamar akwai zumunci tsakaninmu. 'Yan'uwana na Gidigir suka iso washegari da kayan gaisuwa, suka tarar da ni ina shan koko. Yayata ta ce da na san wahalar hanya da ban yi musu haka ba.

Da na samu ƙarfi na tafi biro. Tun daga ƙofa na ga kekena a hannun ƙanen direban biron, wanda ya daɗe yana zaman jira a gindin bango. Kakina ne a jikinsa, ya naɗe ƙafar wandon. Shef ɗinmu, shugaban biron, mutumin yamma ne, ba shi da mugunta, har gida ya kai wa Fanna sukari da shayi na gaisuwa, waɗanda Kawu ya shanye. Ya tashi ya rungume ni.

"Isuhu, na ji daɗin ganinka ƙwarai. Amma na riga na buga waya Damagaram, Damagaram ta buga Yamai. A Yamai ka mutu."

"To ranka ya daɗe, a sake bugawa a ce na tashi."

"Mutuwa da waya ake faɗinta. Tashi sai da shaidu da tambari. Kuma yaron nan iyayensa sun zo daga daji ba ko akuya, shi ke ciyar da su. In kore shi in ce me?"

Na hau kamiyo, babbar motar kaya, na je Damagaram, aka ce mai sa hannu ya tafi rangadi. Na koma, aka ce an yi masa canjin wuri. Wani magatakarda ya dube ni da tausayi ya ce in kawo wanda ya ga rasuwar da idonsa ya zo ya janye maganarsa. Na ce ai ba wanda ya gani, ba a yi ta ba. Ya ce to wannan ita ce matsalar. Na dawo gida na kasa kanwa da dabino a kasuwa, inda kuke ganina yanzu. Yara suka sa mini Marigayi. Manya ma in sun manta sukan faɗa.

Abu ɗaya ya rage nake nema, Kawu ya ce ya yi kuskure. Ba keke, ba albashi, kalma kawai, tunda shi mai son kalma ne. Sai na yi dabara. Aka kawo wani mushe koleji mai koyar da Ingilishi, yaro mai ladabi daga wajen Tawa. Na ce in ya tabbata babu wata kalma wel, ko kuma ba haka take nufi ba, Kawu zai ji kunya ya sauko. Na kai masa dabino, na gayyato shi ƙofar gidan Kawu, ya zo da ƙamus ƙato a hammata.

Mushe ya buɗe ya duba, ya ce akwai ta. Ya zana ta a ƙasa da tsinke, ban riƙe yadda ake rubuta ta ba. Ya ce kuka ne mai tsawo na baƙin ciki, kuma akan faɗe ta ga iska da jiniyar mota. Kawu ya dube ni, ya gyara hula.

"Daga ina suka samo ta?" in ji Kawu.

"Baba, littafin ya ce tsohuwa ce. Daga wasu mutanen ƙasar sanyi masu jiragen ruwa ta fito, daga abin da suke faɗi in masifa ta same su."

"Me suke faɗi?"

"Wani abu kamar wai, ko wayi."

"Wayyo ke nan. Tamu ce suka ɗauka suka gutsure."

"Baba, mutanen nan ba su taɓa zuwa ƙasar nan ba."

"To mu muka je. Akwai inda Bahaushe bai kai kanwa ba?"

Mushe ya yi dariya, ya ƙara duba littafin, ya ce akwai saura. Wai akan faɗe ta ga mutum mai yawan ƙorafi, wanda kullum yana kukan abin da ya wuce. Kawu ya ɗaga sanda ya nuna ni. "Ga shi zaune. Rubuta sunansa a gefe." Dabinona ya tafi a banza.

Bana da damina ciwo ya kwantar da shi. Da ya ga alamar tafiya sai ya fara kiran mutane neman gafara, kamar yadda ake yi. Ya roƙi Liman. Ya roƙi Ya Kura, wai ya taɓa ce wa muryarta ta tsohon guga. Har mai furar da ya saba cewa tana cika ruwa ya sa aka kira. Ni na wanke rigata na je na zauna a bakin rumfarsa ina jiran nawa. Da hantsi, mutane sun ragu, ya yafito ni da hannu.

"Matso, ɗan nan. Akwai abin da ke cina a rai game da ranar nan ta gidanka."

Na matsa har gwiwata ta taɓa tabarmarsa.

"Daga ciki yaya ake jin sa? Ni kullum daga bayan danga nake ji. Kai kaɗai ne a garin nan ka ji naka."

Na yi niyyar tashi, sai na ji bakina yana magana. Na ce na tsofaffin bai kai ko'ina ba, da ji ka san na dawa ne. Amma na Fanna, da ya shigo ɗakin, na so in tashi in ce mata ga ni, jikina ya ƙi. Na ce mun daɗe tare da matar nan, kullum faɗa a kan cefane, ban taɓa sanin haka nake a wajenta ba sai ranar.

Kawu ya lumshe ido. "To ka gani. Wa ya taɓa samun wannan da ransa? Kai kuma kana ta maganar keke."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, ni da furfura a gemu. Na yi ƙoƙarin haɗiye shi, ya fito ta hanci. Kawu ya buɗe ido ɗaya, ya karkata kai ya saurara.

"Wannan mura ce," in ji shi.

Sai na share fuska da hannun riga na gaya masa, kuma abin da na gaya masa ke nan, ban ƙara ba ban rage ba:

"Kawu, ka cuce ni. Ka mai da ni abin dariya a garin ubana, ka sa 'ya'yana suna cin tuwo da kuɗin kanwa, kuma na ga alama ko yanzu ba za ka ce komai ba. To ka riƙe maganarka. Na zo nan da niyyar sai ka roƙe ni in ja maka rai, yanzu ban san ma me nake so ba. Amma ba zan bari ka tafi da nawa a wuyanka ba, kai ne ƙanen uwata, ba ni da wani. Na yafe maka, duniya da lahira. Allah ya sa ka cika da imani, ya yalwata maka makwanci, ya haɗa ka da uwata a inuwa. Ka gaishe ta, ka ce mata ina nan da raina."